Ƙashin da Hoto Bai Gani Ba

Daminar shekara ta 2006 ta samu Basira da shanun tatsa huɗu, a wata ruga da ke bayan garin Alela. Su ke nan masu nono da yunwar bara ta bar musu. Mijinta Mamadu ya kora sauran garken arewa tun farkon ruwa don kada su shiga gonakin mutane, ya bar ta da uwarsa, tsohuwar da kowa ke kira Inna, da 'ya'yansu mata biyu ƙanana. Basira ce mai tatsa, ita ce mai kaɗa mai, ita ce kuma mai ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwa. Doguwa ce marar yawan magana, kuma duk rugar an san babu wadda ta kai ta saurin hannu a gindin saniya.

Ranar da abin ya faru, tana dawowa ne daga kasuwa a amalanken Amadu, wani manomi da gonarsa ke kusa da su. An yi ruwa da safe, hanya ta yi santsi. Suna gangara wata ƙorama sai jakin ya zame, amalanken ya karkace, Basira ta tafi ƙasa. Ta rungume ƙwarya da hagu, ta tare ƙasa da tafin hannun dama. Ta ji wani abu ya ce ƙas a wuyan hannun, ba da ƙarfi ba, kamar an taka busasshen kara.

Ta tashi ta kakkaɓe zanenta ta ce ba komai. Amadu dai hankalinsa bai kwanta ba, don ya ga yadda ta naɗe hannun a ƙirji. Ya juya jakin ya koma da ita gidan likita na Alela.

Majo, wato shugabar ma'aikatan wurin, wata mata ce 'yar Ƙwanni mai suna Ummul-Khairi, gajera mai tabarau, ɗiyar wani mai motocin sufuri. Ta zaunar da Basira a benci, ta jawo sabon karne, ɗan littafin da ake ba kowane maras lafiya, ta buɗe babbar rajista a gefe. Kafin ta taɓa hannun sai da ta yi ta tambaya.

"Da wane hannu kika tare ƙasa? Da tafi ko da baya? Hannun a miƙe yake ko a lanƙwashe? Bayan azahar ne ko kafin nan?"

Basira tana amsawa, majo tana rubutawa. A ranta Basira ta ce wannan mata ta fi son alƙalami da magani. Rana tana yi, maruƙa suna jira, ita kuma an tsare ta da tambayoyi kamar a gaban jandarma.

Sannan majo ta ajiye alƙalami ta kama hannun. Ta latsa nan, ta latsa can, Basira ta daure. Sai ta ɗaga mata babban yatsa, ta sa ɗan yatsanta a wani ɗan rami da ke gindinsa, ta danna. Basira ba ta san lokacin da ta yi ƙara ba.

"Awo," in ji majo. "Nan nika tsoro."

Ta ɗauko wani littafi mai kauri da aka ba su a wani kwas a Tawa, wanda kowace cuta da kowane rauni ke da lambarsa a ciki. Ta bi layi da yatsa har ta tsaya.

"Ki saurare ni, 'yar'uwa. Targaɗe na da lambarshi daban. Karayar babban ƙashin hannu na da tata. Akwai kuma wani ɗan ƙashi nan gindin yatsanki, bai wuce ƙwallon dabino ba, shi ma da tashi lamba. In na rubuta targaɗe, duk likitan da ya buɗe karnen ga zai ba ki ƙwaya ya sallame ki. Ni kuwa ina zaton wanga ɗan ƙashi ya tsage."

"To in ya tsage ai hoto zai nuna," in ji Amadu daga bakin ƙofa.

"Wanga ba shi nunawa da wuri. Sai ya yi sati biyu tsagar ka fita. Kuma jini kaɗan ka kai mishi. In anka bar shi yana motsi, ba shi haɗewa, hannun ya yi ta ciwo har tsufa."

Ta rubuta ranar, da hannun dama, da yadda aka faɗi, da wurin da ya fi ciwo. Ta rubuta S62.0, ta sa alamar tambaya a gabansa. A ƙasa ta ƙara layi biyu ta ja musu zane: ko hoton farko bai nuna komai ba, a bar hannun a ɗaure, a sake hoto bayan kwana goma sha huɗu. Duk abin da ta sa a karnen ta kwafe shi a rajista. Sannan ta ɗora wa hannun ɗan katako, ta naɗe da bandeji tun daga babban yatsa har kusa da gwiwa.

Washegari Amadu ya raka ta Ƙwanni a motar kasuwa, don a can ne ake da na'urar hoton ƙashi. Likitan da ya gan ta, wani mai furfura ana ce masa likita Bala, ya ɗaga hoton a haske ya daɗe yana dubawa. Ya ce bai ga karaya ba. Ya buɗe karnen ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce wadda ta rubuta wannan ta san aikinta. Ya bar katakon a wurinsa, ya rubuta ranar dawowa a ƙarƙashin rubutun majo, ya sa hannu.

Da suka koma ruga, rabin labarin ne kawai ya shiga kunnen mutane. Hoto bai ga komai ba. Maganar dawowa kuwa babu wanda ya riƙe ta.

"Na'urar Nasara da kanta ta duba ta ce lahiya lau," in ji Inna. "Mi ya rage kuma? Targaɗe ne, ɗiyata. Mu ma mun yi shi mun warke."

Ta aika aka kira Tanimu maɗori, mutumin da ya ɗora ƙafafu da hannuwa da yawa a yankin suka haɗe. Ya shafa manyan ƙasusuwan biyu ya ji su garau, ya ce shi bai ji karaya ba. Gaskiyarsa ya faɗa, abin da yatsunsa suka ji ke nan. Ya yi tofi, ya shafa man shanu, ya tafi.

Cikin kwana biyar kumburin ya sauka. Nono kuma ya ragu ƙwarai, don yatsun Inna sun ƙage da sanyin ƙashi, ba ta iya daɗewa tana tatsa. Ga wata saniya mai suna Saye, wadda ta fi duka nono, ba ta yarda da hannun kowa sai na Basira. Inna na matsowa sai ta kai harbi. Yara suka fara shan fura da ruwa. Basira tana zaune da hannu a ɗaure tana kallon duk wannan, abin ya ishe ta. Ran kwana na takwas ta kwance bandejin, ta jefa katakon bayan bukka, ta ɗauki ƙwarya ta tsuguna gindin Saye.

Matsa ta farko ta ji kamar an soka mata allura daga gindin yatsa zuwa gwiwa. Ta cije leɓe ta ci gaba. Haka ta yi ta yi safe da yamma, tana tatsa hawaye na taruwa a idonta, in ta ji motsin Inna sai ta sunkuyar da kai. Kwana goma sha huɗun suka cika suka wuce, ba ta ce wa kowa komai ba.

Ran kwana na goma sha bakwai, da hantsi, aka ji ƙarar babur. Majo ce, da akwatin sanyi ɗaure a baya, ta zo yi wa yaran ruga allurar riga-kafi. Mata suka taru a gindin wata bagaruwa, aka yi ta kukan jarirai. Basira ta kai ƙaramar 'yarta, ta ɓoye hannun cikin mayafi, tana fatan ba a gane ta ba.

Da aka gama, majo ba ta tashi ba. Ta zaro wata takarda daga jaka. Kafin kowace fita takan bi rajistarta, ta kwafo sunayen waɗanda ta tura Ƙwanni ba ta sake jin labarinsu ba.

"Ina Basira matar Mamadu, mai hannun dama?"

Mata suka juyo suna kallonta. Babu yadda za ta yi, ta fito da hannun.

"Ina katakon?"

"Na cire, Majo. Shanu ba su jira."

Inna ta matso da sandarta. "Ke ɗiyar nan, ai an yi hoto anka ce babu komai. Kumburi ya tahi. Mi kike so da ita kuma? Ta bar shanu ta koma birni don wani ƙashin da ba wanda ya gan shi?"

Majo ba ta yi gardama ba. Ta gaida tsohuwar da ladabi, ta tambayi lafiyar gwiwoyinta. Sannan ta nuna wata ƙwarya cike da nono da ke ajiye a inuwa.

"Inna, ki yi mini izini. Basira, ɗauko mini ƙwaryar can da hannun dama kaɗai."

Basira ta sunkuya ta kama bakin ƙwaryar tsakanin babban yatsa da sauran. Ta ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, hannun ya hau rawa, nonon ya soma zuba. Ta yi sauri ta tallabe da hagu. Zufa ta keto mata a goshi.

Inna ta san wannan hannun. Ta sha ganinsa ya ɗauki ƙwaryar da ta fi wannan, Basira na tafiya tana hira.

"Tun yaushe?" ta tambayi surukarta a hankali.

"Tun ranar da na cire, Inna."

"Kina tatsa da shi haka ba ki hwaɗa mini ba?"

Tsohuwar ta juya ta shiga bukkarta. Aka ji tana buɗe ƙore ɗaya bayan ɗaya. Ta fito da karnen, a naɗe cikin leda biyu, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba duk daminar da ake yi.

"Ni ban yarda da abin da ke ciki ba," ta ce tana miƙa wa majo, "amma rubutu ba a yar da shi. Gobe ta tahi. Shanun ki bar mini su."

Majo ta ƙara layi guda a karnen, cewa an cire katako ran kwana na takwas, an yi aiki da hannun kwana tara. Basira ta ji kunya da aka faɗa mata abin da aka rubuta, ta roƙi a bar wannan.

"Ba don in kunyata ki ba ne," in ji majo. "Likita na bukatar ya sani. Abin da ya faru shi nika rubutawa."

Ta sake ɗaure hannun kafin ta hau babur.

A Ƙwanni suka tarar likita Bala ya tafi Yamai wani kwas. Wanda ke wurin saurayi ne sabon zuwa, likita Munkaila, bai taɓa ganin Basira ba, ga layi har waje. Ya kwance bandejin, ya ga hannu ba kumburi ba rauni. Ya tambaye ta ko an yi hoto, ta ce an yi, ba a ga komai ba. Har ya jawo takardar magani zai rubuta mata ƙwayar ciwo, sai ta tuna ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa karnen.

Ya buɗe da sauri kamar mai son ya gama. Sai ta ga idonsa ya tsaya a wuri ɗaya. Ya koma farkon shafin ya karanta a hankali, ya kai hannu ya danna ramin nan na gindin yatsa. Basira ta zabura. Ya tura takardar maganin gefe, ya tashi da kansa ya raka ta ɗakin hoto, ya nuna wa mai na'urar yadda za a karkata hannun, ba kamar na farko ba.

Da hoton ya fito ya ɗaga shi a taga, ya yafito ta.

"Zo ki gani, baiwar Allah."

Ita dai farare da baƙaƙe take gani. Ya sa bakin alƙalami a kan wani ɗan farin abu, ya nuna mata wani siririn layi da ya ratsa shi, kamar gashi guda ya faɗa cikin nono.

"Ga shi nan. Da kin ƙara wata ɗaya ko biyu kina tatsa da shi, da sai dai aikin tiyata a Yamai, shi ma ba tabbas. Ni kaina da na sallame ki yau. Rubutun majonku ya tsai da ni."

Ya ɗauki alƙalami ya soke alamar tambayar da ke gaban lambar, ya rubuta ranar da abin da hoto ya nuna. Aka ɗaure hannun da filasta mai tauri kamar siminti, babban yatsa a ciki, har kusa da gwiwa.

A motar komawa Basira ta zauna jikin taga da hannun nan fari fat a cinyarta. Wata babbar mota ta wuce su shaƙe da buhunan siminti daga masana'antar Malbaza, wani fasinja ya ce ai ita ma an zuba mata simintin Malbaza, aka yi dariya. Ita ma ta yi murmushi, amma zuciyarta na wani wuri. Tana tunanin matar da ta ji haushin tambayoyinta, wadda ba danginta ba ce, ba ta ci komai nata ba, amma ta ɗauko sunanta a takarda ta biyo ta har gindin bagaruwa.

Sati goma sha ɗaya filastar ta yi. Ƙaiƙayi ya dame ta, tana zura siririn kara tana sosawa. Inna ta yi dabara, takan ɗaura tsohon zanen Basira in za ta je wurin Saye, ta tsuguna ba ta magana. Saniyar ta shinshina ta shinshina, ran kwana na uku ta tsaya. Matan rugar suka raba sauran ukun a tsakaninsu, matar Amadu kuma ta riƙa kai nonon kasuwa tare da nata kayan. In dare ya yi Basira kan dafa ruwa ta gasa wa tsohuwar yatsu da hannunta na hagu. A waɗannan makonni ne suka yi hirar da ba su taɓa yi ba tun zuwanta gidan.

An gama girbin hatsi Mamadu ya dawo da garke. Shi ya raka ta aka yanke filastar. Hoto na uku ya nuna ƙashin ya haɗe. Hannun ya fito siriri, fatar ta yi fari tana saɓa, wuyan ya ƙage kamar ba nata ba. Likita Munkaila ya ce ta riƙa tsoma shi a ruwan ɗumi tana matsa tsumma, kada ta yi gaggawa. Wannan karon ta bi magana ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka shiga sanyi sosai ta koma gindin saniya. Ranar ta tatse biyu, ta tsaya tana jiran allurar nan ta soke ta, ba ta zo ba. Ta ɗora goshinta a jikin saniyar ta yi ta hamdala.

Ta yi cuku mai kyau, ta cika ƙaramar ƙwarya da man shanu, ta nufi gidan likita na Alela. Sai ta tarar da wani namiji a kujerar. Ya ce an yi wa majo Ummul-Khairi canjin wurin aiki, tana Badaguishiri tun wata guda.

Basira ta dawo gida da kayanta yadda ta tafi da su. Mamadu ya lura. Bayan sati biyu zai kai bijimi kasuwar Badaguishiri, ya ce ta shirya su tafi tare. Ta sake yin sabon cuku.

Ba ta taɓa zuwa garin ba. Motar ta gangara kwarin, ta ga lambunan albasa kore shar ko'ina, mutane na ban ruwa. Mamadu ya wuce kara, wurin cinikin dabbobi, da bijiminsa, ita ta yi tambaya har ta samu gidan likita. Ta tarar da mata cike da baranda, ranar awon jarirai ce. Ba ta san yadda ake neman iso ba, sai ta bi layi kamar maras lafiya, ƙwarya a cinya, har aka zo kanta.

Majo ta ɗago kai ta gyara tabarau. "Mi ke damun ki, 'yar'uwa?"

"Lahiyata lau, Majo. Ni ce ta rugar Alela, wadda ta hwaɗo daga amalanke."

Majo ta ƙare mata kallo, sai fuskarta ta washe. Ta miƙe ta zagayo tebur.

"Basira! Daga Alela kika taso? Kawo hannun in gani."

Ta jujjuya shi, ta lanƙwasa sama da ƙasa. Sannan ta sa nata hannun a ciki ta ce a matsa. Basira ta matsa kaɗan don kunya.

"Da ƙarfi mana."

Ta matsa irin matsar da take yi wa saniya.

"Wayyo! Sake ni, kar ki karya nawa!"

Matan da ke bakin ƙofa suka fashe da dariya. Basira ta shirya magana mai tsawo tun a mota, amma yanzu duk ta ɓace mata. Ta buɗe ƙwaryar ta tura gaban majo.

"Allah shi saka miki da alheri. Allah shi jiƙan mahaifa. Allah shi raya miki ɗiyanki."

"Amin, amin. Ni aikina na yi, Basira. Ina Inna? Ta warke da gwiwoyin?"

"Tana nan. Ta ce in gaishe ki, in ce miki ta yarda."

Majo ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido. Ta ɓalli cukun ta sa a baki, ta ce rabonta da irinsa tun tana yarinya. Ta so su zauna, amma wani jariri ya callara kuka a kan sikeli, uwarsa na kiran ta. Ta riƙe hannun Basira har bakin ƙofa, ta ce in sun sake zuwa kasuwa ta biyo gida, kowa ya san gidanta.

Basira ta fita cikin rana ta nufi kasuwa. Ta saya wa Inna goro da ɗan buhun albasa, ta saya wa yara rake, ta tsaya a inuwar wata rumfa kusa da kara tana jiran Mamadu ya gama ciniki.